Numfashin Injin Dila

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai ma Mubarak rufe kwamfutar, na riga na ga jan layin da ka ja. Tun safe kuke zagaya teburina kuna ƙus-ƙus kuna danne dariya, wai tsoho ya sami aisi mai gudu ya ɗaure masa ƙafa. Gaskiyarku, na ɗaure. Layi goma sha ɗaya ne, ni na rubuta su, kuma sunan da na sa musu yana nan a samansu: dabaibayi. Ba su da wani aiki sai hana sabon aisi sauri, su tilasta masa tafiya irin ta tsohon da ya mutu. Alhaji Mannir ya ɗauko ku ku sabunta fanel ɗin injin dila na gidan gurzar audugarsa, kun ce masa in aka cire dabaibayin dila za ta riƙa fita fiye da yanzu, shi kuma ya turo ku wurina in sa hannu. Ko zan sa ko ba zan sa ba, sai na gama magana. Abu ɗaya ku riƙe tun yanzu: akwai mutumin da ke tsayawa a bakin injin nan kullum, Hamisu sunansa, kuma hannunsa na dama yana cikin layukan da kuke son gogewa.

Na ji yadda kuke kwatanta sana'ar nan. Wai sa sabon aisi ya kwaikwayi tsoho ai ba aiki ba ne. A sauko da takardar umarnin tsohon daga intanet, a koya wa sabon ma'anar kowane umarni, a zuba masa tsohon rubutun, kafin la'asar an gama an tafi kallon ƙwallo. Sannunku da ƙoƙari. Ku da ko yatsa ba ku taɓa ƙonawa da dalma ba. Ban ga laifinku sosai ba, don ni ma na taɓa faɗin haka, kuma na faɗa da ƙarfi a gaban jama'a, da bakin nan nawa. Aisi dai, ga wanda ya manta karatunsa, shi ne ƙwaƙwalwar inji, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu a jere da ke gaya wa ƙarfe yaushe zai motsa, yaushe zai tsaya.

Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana Malam Yohanna a Malumfashi shanya ce. E, shanya, irin ta kuɓewa. A wancan lokacin rubutun umarni ba a cikin aisin kansa yake zama ba, yana da wani abokin zama mai 'yar tagar gilashi a gadon baya, mu ce masa mai taga. In kana son goge abin da ke cikinsa sai ka haska masa wata fitila ta musamman. Fitilar Malam Yohanna ta fashe tun kafin in zo, shi kuma ya rantse ba zai sayi wata ba tunda Allah ya ba shi rana kyauta. Sai in jera masu taga a faranti, in hau kwano in shanya, in riƙa juya farantin yana bin rana. Sati guda, wani lokaci fiye. Matar da ke maƙwabtaka da mu ta taɓa tambayata ko maganin basir ne muke haɗawa. In hadari ya taso ina can bakin kasuwa, da gudu nake dawowa, don in ruwa ya taɓa farantin nan ranar ba ni da abincin rana.

Sai da na shekara ina shanya da wanke fanel da tsohon buroshin haƙori kafin ya fara nuna mini dangi. Haka yake kiransu, dangi, kuma da ƙarshen lambarsu muke sa musu suna. 'Yan arba'in da takwas su ne tsofaffin gida. Waɗannan ba su iya sau ba, ba su iya rabawa ba, kai ko debewa kai tsaye ba su iya ba, sai sun juya lambar sun tara. 'Yan hamsin da ɗaya ƙannensu ne, sun shiga makaranta, sun iya sau da rabawa. Akwai masu ɗakuna, waɗanda ma'ajiyarsu a rarrabe take, dole ka fara faɗa musu ɗakin da kake nufi kafin ka ce a ɗauko, in ka manta su ɗauko maka na wani ɗakin ba tare da sun ce uffan ba. Wasu suna raba wa umarni da lissafi wurin kwana, wasu kuma suna cusa su ɗaki ɗaya. Wasu in za su ajiye babbar lamba da kai suke farawa, wasu da wutsiya. A ido duk baƙaƙe ne masu ƙafafu, kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Wani sikelin dillalan hatsi ne ya fara koya mini hankali a kan wannan. Aisinsa ya lalace, muka mayar da aikin kan wani na dangi dabam, aka bar ni in kwashe lambar daidaita awo daga tsohon in zuba a sabon. Na kwashe ta daidai, ban ɓata ko ɗigo ba. Sai dai tsohon mai farawa da kai ne, sabon mai farawa da wutsiya. Muka kai sikeli kasuwa ran Litinin, aka ɗora buhun masara ɗaya, gilashi ya nuna nauyin da ko tirela ba ta ɗauka. Manomin da ya kawo masarar, wani ɗan garin Ƙarfi mai bakin tsiya, ya ce, "Alhamdulillahi, yau na yi arziki. Dillali, miƙo, kada ka taɓa komai." Dillalin ya dube ni, ya dubi Malam Yohanna, ya ce, "Malam, wannan almajirin naka a ina ka samo shi?" Har na bar Malumfashi in na ratsa layin 'yan hatsi sai an kira ni Rabe Mai Tirela.

Amma abin da maigidana ya fi damuna da shi ƙirgen taku ne. Kowane aisi yana da kiristal a gefensa, ɗan ƙaramin gwangwani mai buga masa kiɗa. Ɗan arba'in da takwas sai an buga sau goma sha biyar yake taku ɗaya. Ɗan hamsin da ɗaya sau goma sha biyu. Mai ɗakuna sau huɗu. Kuma wani umarnin taku ɗaya ne, wani biyu. Malam Yohanna zai ba ni shafi guda na rubutu, da fensir, da littafin aji mai gida-gida, ya ce in ƙirga masa taku nawa ne daga sama zuwa ƙasa.

Ni kuwa in ce, "Maigida, tunda amsar iri ɗaya za ta fito, mene ne amfanin sanin taku nawa aka yi?"

Ya ce, "Kai dai ƙirga. Jaki da babur duk suna kai mutum kasuwa, amma wanda ke tsallaka hanya ya san ba abu ɗaya ba ne."

Na ƙirga don ina tsoron marinsa, ba don na yarda ba. A raina na ce rigimar tsufa ce. Da na buɗe shagona a nan Funtua littafin mai gida-gida shi ne abu na farko da na jefa ƙasan akwati.

Kayan aikin da kuke gani a teburin nan, waɗanda Mubarak ya ce a kai gidan tarihi, su suka ciyar da ni. Mita, ƙarfen narka dalma, akwatin karanta masu taga, da waccan na'urar mai koren gilashi da ke nuna bugun wuta yana tafiya. Masu kawo aiki kuwa halinsu ɗaya ne daga nan har Bakori. Za a shigo da fanel a buhun shinkafa, an riga an kai shi wurin mutum uku, na ƙarshen ya wanke shi da fetur. Ka ce me ya same shi, a ce, "Wallahi ba komai, yana cikin aiki kawai ya yi shiru." Ka juya bayansa ka ga inda aka sa ƙusa a madadin fiyus. Duk injunan nan na gurza da niƙa da awo da aka shigo da su tun iyayenku suna samari, masu su ba za su yar ba, waɗanda suka ƙera su kuma sun manta da su. Tsakanin waɗannan biyun nake cin abinci.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji. Auduga ta yi kyau, kuma ta zo gaba ɗaya. Filin gidan gurzar Alhaji Mannir ya cika ya tumbatsa, motoci sun yi layi har bakin titi, kowa yana tsoron kada tartsatsi ɗaya ya faɗa. Ana cikin wannan sai mai kula da janareta ya sake wata waya ba daidai ba, wuta ta yi tsalle ta shiga fanel ɗin injin dila. Aisin, ɗan arba'in da takwas, ya ƙone har ya tsage. Kiristal ɗinsa ma ya mutu, kuma tsatsa ta riga ta cinye lambar da ke jikinsa. Allah ya taimaka mai taga ya tsira, rubutun umarnin yana nan lafiya. Na aika aka sayo mini madadin aisin har guda uku. Da na goga musu tsumma da ɗan tina mai narka fenti sai lambar ta bi tsumman, ashe jabu ne, abin da ke ƙarƙashi ko dangin ba ɗaya ba. Ba sauran hanya sai kwaikwayo.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin injin ba, wato dukanku, don na ga takalmanku, ga yadda yake. Audugar da aka raba da gurya tana zubowa cikin wani dogon akwatin ƙarfe. In ya cika, mai aiki ya shimfiɗa algarara a kai, ya taka maɓallin ƙafa. Akwatin ya zauna a kan sikeli da 'yar jijjiga, aisi ya auna ya nuna nauyi a gilashi, sannan marfin ƙarfe ya sauko ya matse audugar ta zama dila, a ɗaure ta da waya. Jijjigar nan takan naɗe kusurwar algarara. In aka bar ta a naɗe gefen dila ya fito tsirara, ya kwashi datti, mai saye ya ƙi, a zagi mai aiki. Saboda haka mai aiki yakan miƙa hannu ya gyara kusurwar bayan ya taka, kafin marfi ya sauko. Ba a koyar da haka, ba a yarda da haka, kuma kowa haka yake yi.

Mai tsayawa a wurin a lokacin Malam Isuhu ne, dattijo ɗan Maska, uban Hamisun da na ambata muku. Ya girme ni nesa, tun ranar da aka kafa injin yake kansa. Ba shi da yawan magana. In yana aiki kullum leɓɓansa na motsi, mu duka mun ɗauka tasbihinsa ne kawai.

Kwana tara na yi a kan kwaikwayon. Na ɗauko sabon aisi, na ɗora shi a ɗan ƙaramin fanel mai ƙafa arba'in da zai zauna daidai a gurbin tsohon, na koya masa kowane umarni na arba'in da takwas, har da juya lamba a tara. Kuma kada ku ɗauka sakarai ne ni gaba ɗaya. Na san tsofaffin rubuce-rubuce suna da wuraren jira, inda ake sa aisi ya yi ta zagaye a banza don lokaci ya wuce. Na bi rubutun layi-layi na samo huɗu, na yi ƙiyasin kiristal ɗin da ya mutu, na ba kowane wuri haƙƙinsa. Sauran umarnin kuwa na sake su su yi gudunsu. Taku? Wa zai zauna ƙirgen taku alhali motoci na layi?

Ranar gwaji ɗakin ya cika, har direbobi sun leƙo. Malam Isuhu ya shimfiɗa algarara, ya taka. Gilashi ya nuna nauyi, marfi ya sauko, dila ta fito tsaf kamar sabulu. Aka yi tafi. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Rabe, ashe Turawan ma ba su fi ka ba." Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni.

Malam Isuhu bai yi tafi ba. Ya sake yin dila ta biyu, hannayensa a baya, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya ce, "Injiniya, wannan ba ya numfashi."

Na ce, "Ba ya me, Baba?"

"Numfashi. In na taka yakan ja numfashi kafin ya sauko. Yanzu ina takawa yana faɗowa."

Na waiwaya na tabbatar kowa yana ji, sannan na ce, "Haba Baba, inji ne fa, ba shi da huhu." Ɗaki ya ɗauki dariya. Da na ga ta karɓu sai na ƙara. "Na karanta rubutunsa daga sama har ƙasa, babu inda aka ce ya tsaya a wurin nan. Abin da kake kira numfashi tsufa ne, ni kuma na yi masa magani. In kana so kai ma sai in duba ka."

Ya juya wurin mai gida ya ce, "Alhaji, a ce ya mayar masa da shi."

Alhaji ya dube ni. Na ce babu abin da zan mayar, tunda ban cire komai ba. Kuma Allah ya sani a lokacin gaskiyata nake faɗa. Alhaji ya ce, "Malam Isuhu, kai dai ka riƙa janye hannunka. Ka ga motoci."

Ya ce, "To."

Ya kuwa janye. Ranar nan gaba ɗaya hannunsa na dama yana riƙe da bayan ɗamararsa, in kusurwa ta naɗe ya bar ta, dila ta fito da gefe tsirara, ya haɗiye faɗan da aka yi masa. Washegari da safe ma haka. Bayan azahar ina zaune a gindin dalbejiyar da ke bakin ɗakin, ina shan kunun zaƙi ina ba wasu direbobi labarin yadda na yi, sai na ji injin ya tsaya. Ban ji ihu ba. Waɗanda ke kusa sun ce kusurwa ce ta naɗe, mutum ya gaji, hannun ya tafi da kansa kamar yadda ya saba tafiya shekara da shekaru. Bakin marfi ya haɗu da bakin akwati. Yatsu uku na tsakiya suka tafi, aka bar masa babba da ƙarami.

Na ji tsoro, na ji kunya, kuma na tsani muryata da ta ce ba shi da huhu. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Injin ya zauna a rufe, don ba wanda ya yarda ya tsaya a bakinsa. Na koma kan rubutun ina neman wurin jiran da na tsallake. Sati guda ina nema, babu. Huɗu ne, huɗun nan kuma suna nan. Malam Yohanna ya riga ya rasu a lokacin, da yana da rai da ya fara marina sannan ya nuna mini. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san numfashin nan, kuma shi ne wanda na yi wa dariya.

Da hantsi na hau acaɓa zuwa Maska. Na same shi a zaure a kan tabarma, hannun a naɗe da bandeji an rataye shi a wuya. Matarsa ta kawo ruwa ta dire, na gaishe ta sau biyu, ta koma ciki kamar da bango na yi magana. Shi kuwa ya dube ni ya ce, "A'a, Injiniya. Ka zo neman huhun?"

Na durƙusa na ce, "Baba, na zo ka gaya mini tsawonsa."

"Tsawon me?"

"Numfashin."

"Ashe akwai shi."

Na ce akwai. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi, sannan ya ce, "Ni ban san agogo ba. In na taka sai in fara La haula wala ƙuwwata illa billah, hannuna ya je ya dawo. In dila ce marar nauyi, ina kai billah marfi yana taɓa algarara. In mai nauyi ce, wadda ta sha raɓa, yakan bar ni in ƙara il-aliyyil azim."

Na ce, "Mai nauyi ta fi daɗewa?"

"Kullum."

Nan na gane. Wurin jira ba ruwansa da nauyi, tsawonsa ɗaya ne ko an ɗora giwa. Abin da ke ƙaruwa da nauyi lissafi ne. Sikeli yana ba aisi wata ƙatuwar lamba, sai an raba ta kafin ta zama kilo. Ɗan arba'in da takwas kuwa bai iya rabawa ba. Wanda ya yi rubutun, ko wane ne shi, sai ya sa shi ya yi ta debewa yana ƙirgawa har lambar ta ƙare, kamar mai auna buhu da tiya, in buhun ya fi cika a fi daɗewa. Sau dubbai yake zagayawa, da tafiyarsa ta bugu goma sha biyar. Na ga wurin tun ranar farko, na ce lissafi ne na wuce. Sabon aisina yana haɗiye shi kafin ƙiftawar ido, ya ba da amsa daidai, ko kilo ɗaya bai kuskure ba. Ba wanda ya rubuta numfashin nan. Rashin iyawar tsohon ne, kuma a cikinsa mutum ya yi shekaru yana sa hannu yana fitarwa.

Na fito da wayata na roƙe shi ya karanta mini yadda yake yi a bakin inji. Ya buga tabarma da hagu alamar ya taka, ya karanta, ya sake bugawa alamar marfi ya sauka. Sau goma ta marar nauyi, sau goma ta mai nauyi, ina dannawa ina rubutawa. Da na dawo shago na tono littafin mai gida-gida daga ƙasan akwati, na fere fensir, na ƙirga takun zagayen nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mini ina ƙunƙuni. Kiristal iri biyu ake yawan sa wa irin wannan fanel. Karatun Malam Isuhu ya faɗa daidai kan mai jinkirin. Ni mai saurin na ƙiyasta, wato ko wuraren jira huɗun da nake taƙama da su ban ba su cikakken haƙƙinsu ba. Dattijon da bai san agogo ba shi ya gaya mini lambar da tsatsa ta cinye.

Daga nan dabaibayi ya fito. Kowane umarni in sabon aisi ya gama shi sai ya tsaya ya jira har bugun da tsohon zai ci ya cika, taku ɗaya ko biyu, sannan ya wuce na gaba. Yana aiki kaɗan yana zaman banza da yawa, kamar wasu da na sani. Ranar da na mayar da shi ban kira kowa kallo ba. Na sa karan dawa a inda hannu ke shiga, na taka, na karanta, na janye, sau hamsin.

Na ga ka ɗaga hannu, Mubarak, na san abin da za ka ce. A sa ido mai gani wanda zai tsayar da marfi in hannu ya gitta. Madalla da wannan basira, ba wanda ya taɓa tunaninta sai kai. Na sa, tun a shekarar. Ɗakin gurza ne, gashin auduga yana yawo a iska kamar hayaƙi, yana rufe idon, inji ya riƙa tsayawa ba dalili. Bayan sati biyu na dawo na tarar an kwance idanun biyu, mai haskawa da mai karɓar hasken, an haɗa su fuska da fuska an ɗaure da roba, suna kallon juna lafiya lau a kan taga. Na sa maɓalli biyu don dole sai da hannu biyu za a danna, aka tokare ɗaya da tsinke. Ban hana ku ba, ku sa naku, ku sa goma, wataƙila na zamani ya fi nawa haƙuri da ƙura. Amma ku bar numfashin a ƙarƙashinsu, saboda ranar da za a ɗaure su da roba ba za a kira ku a waya a sanar da ku ba.

Hamisu ne ya gaji wurin ubansa. Magidanci ne da 'ya'ya huɗu, ya ga abin da ya sami tsohon da idonsa, an gaya masa sau ɗari kada ya miƙa hannu, kuma in kun tambaye shi zai rantse muku ba ya yi. Makon jiya na tsaya a bayansa bai sani ba. Ya taka, kusurwa ta naɗe, leɓɓansa suka fara motsi, hannun ya je ya dawo.

Saboda haka ga takardarku, ban sa hannu ba. Ku kai wa Alhaji, ku ce tsohon ya ƙi, ku ƙara da cewa ya rikice in kuna so, ba yau aka fara ba. In ya ce ku cire duk da haka, kwamfuta taku ce, layi goma sha ɗaya ne, ba zai ɗauke ku minti ɗaya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ku danna, ku hau acaɓa ku je Maska ku gaida Malam Isuhu. Yana nan da ransa, yana cin tuwo da cokali kamar baƙon birni, kuma ba ya ɓoye hannun, na daman zai miƙo muku.

Ni duk Sallah nake zuwa. Bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa ce mini ya wuce ba. In na miƙa hannu sai ya kama shi da yatsu biyun nan, babba da ƙarami, ya riƙe, ya dube ni a ido, leɓɓansa su fara motsi. Ba ya saki sai ya kai ƙarshe, kuma kullum ta mai nauyi yake karantawa.